Dabino: Asalinsa, Horarsa da Aikin da Bai Ƙare ba a Ƙasar Hausa

Dabino da giginya da goruba da kwakwar manja dangi ɗaya ne a wajen masana tsirrai, kuma kowannensu yana da rumfa ko faranti a kasuwannin Kaduna da ke arewacin kogi, tun daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da ke tsakiyar gari har zuwa Kawo da Kasuwar Barci. Sai dai wanda ya fi daraja a cikinsu, wanda ake buɗe baki da shi a azumi, a raba shi tare da goro a wajen ɗaurin aure da suna, a kuma kawo shi tsaraba daga aikin Hajji, shi ne wanda ƙasar Kaduna ta fi ƙarancin nomawa. Dabinon da masu baro ke aunawa da gwangwani a bakin Masallacin Sultan Bello da la'asar sakaliya a watan Ramadan, busasshensa ta Nijar ya fi shigowa, wani nomanta ne wani kuma na Aljeriya, mai laushin da ke cikin kwali kuwa daga Saudiyya da maƙwabtanta. An saba ɗora wannan a kan yanayi kaɗai, a ce dabino itacen hamada ne, Kaduna kuwa ƙasar ruwa ce. Yanayi yana da nasa kaso, amma bai isa ya zama cikakken bayani ba, domin ko a Kano da Dutse, inda damina ta fi gajarta kuma itacen ya daɗe, abin da ake samu bai taɓa wadatar da masu ci ba. Abin da tarihin itacen yake nunawa shi ne dabino ya iso ƙasar Hausa a matsayin ɗan itace, ya kuma iso a matsayin hukunci a littattafan fiƙihu, amma sana'ar da ta mayar da shi na gida tun farko ba ta iso da cikarta ba.

Horar da tsiro, a ma'anar da masana ke nufi, shi ne mutum ya karɓe ragamar haihuwarsa daga hannun daji, ya zama shi ke zaɓen wanda zai hayayyafa da wanda ba zai hayayyafa ba, har siffar tsiron ta sauya ta dace da bukatarsa. Cin ɗan itace ba horarwa ba ne, haka ma barin itace a gona idan ana sassabe, kamar yadda manomi ke barin kaɗanya da ɗorawa. Gero shi ne misalin da ya fi kusa, tun da a yankin Sahel aka hore shi, kuma an sami shaidarsa a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali wajen shekara 2500 kafin Miladiyya: na daji yana zubar da ƙwayarsa da zarar ta nuna, na gida yana riƙe ta a zangarniya har a girbe. Da wannan sauyi ya tabbata, sai ya zauna a cikin irin, ta yadda manomin da ya ajiye zangarniya mai kyau a rumbu ya ajiye horarwar gaba ɗayanta. Dabino ba haka yake ba, kuma daga wannan bambanci ne dukkan sauran bayani yake tasowa.

Dabino, wanda ake kira Phoenix dactylifera a kimiyyance, yana da namiji daban da mace daban, namijin yana fure ba ya haihuwa, macen ce ke ɗaukar nono. Idan aka shuka ƙwallo ɗari, kusan rabinsu maza za su fito, kuma babu mai iya bambance su da ido sai sun yi furen fari, abin da kan ɗauki shekara biyar zuwa takwas. Ko ƙwallon nan da ya yi suna a duniya, wanda aka haƙo a kufan Masada kusa da Tekun Gishiri bayan ya kwanta kimanin shekara 2,000, aka kuma tsirar da shi a 2005, da ya girma namiji ya fito. Rabin da suka fito mata ma ba sa gadon uwa sak, domin kowane ƙwallo haɗin uwa ne da wani uba da ba a san 'ya'yansa ba, kuma itacen yana ɗauke da gado iri-iri da ke warwatsuwa a kowace haihuwa. Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma a sha'anin dabino hakan yana faruwa kullum: wanda ya ci ajwa ta Madina ya binne ƙwallonta a bayan ɗaki ba zai sami ajwa ba, zai sami wani dabino sabo da babu irinsa a ko'ina, wanda galibi ƙaramin ɗa ne da shi, mai babban ƙwallo da ƙarancin tsoka. Saboda haka horar da dabino ba ta zauna a cikin iri ba, ta zauna ne a cikin dabaru biyu na hannu, wato barbara da dashen ɗan gindi.

Barbara ita ce kai garin furen namiji zuwa furen mace. A daji iska ce ke yi tare da wasu ƙwari, shi ya sa sai maza sun yi yawa kafin mata su ɗauka, manomin dausayi kuwa, wanda ruwansa ƙididdigagge ne, ba zai shayar da itatuwan da rabinsu ba sa haihuwa ba. Sai ya bar namiji ɗaya ga mata 25 zuwa 50, ya ɗauki aikin iska a kansa. Idan furen namiji ya ƙosa, kubensa, wato kwanson da ya lulluɓe shi, yakan tsage, sai manomi ya hau ya yanko shi, ya shanya a inuwa, ya rarraba shi sili-sili. Daga nan ya hau macen da kubenta ya buɗe, yana kaucewa ƙayoyin da ke gindin ganye, ya cusa sili biyu ko uku a tsakiyar furenta a kife domin garin ya riƙa zubowa, ya ɗaure bakin da zaren ganye sako-sako. Kwanaki kaɗan ne furen mace yake karɓa, kuma nonuwan itace ɗaya ba sa buɗewa rana ɗaya, don haka itacen da ke da nono goma sai an hau shi sau da yawa. Kowane fure na mace yana da gurbi uku, idan barbara ta kama ɗaya ne ke girma sauran biyun su bushe, idan kuwa ba ta kama ba dukkan ukun kan fito ƙanana, babu ƙwallo, ba sa nuna yadda ya kamata, waɗanda Larabawa ke kira shis. Akwai kuma wani abu da manoma suka daɗe da lura da shi kafin masanin tsirrai na Amurka Walter Swingle ya bayyana shi a 1928, wato zaɓen namiji yana shafar girman ɗan da saurin nunarsa a wannan shekarar da kanta.

Dabara ta biyu ita ce ta fi nauyi wajen horarwa. Matashin dabino yana fitar da toho a gindinsa, kuma wannan toho, da yake ɓangare ne na jikin uwa, jinsinsa nata ne, ɗanɗanon 'ya'yansa ma nata ne. Ana barinsa shekara uku zuwa biyar a jikinta, a tara masa ƙasa ya yi saiwa, har nauyinsa ya kai kilo 10 ko fiye, sa'an nan a datse shi da ƙarfe mai faɗin baki, a rage masa ganye, a dasa, a yi ta ban ruwa har ya kama. Itace ɗaya ba ya ba da fiye da 10 zuwa 30 a rayuwarsa, mafi yawansu kuma a shekarunsa na ƙuruciya. Ma'anar wannan ita ce duk wani sanannen iri, ko ajwa ko sukkari ko daglat nur ta Aljeriya da Tunisiya, itace ɗaya ne da wani manomi ya tsinta a cikin na ƙwallo, ya ga kyansa, aka yi ta rarraba jikinsa hannu zuwa hannu tsawon ƙarnoni. Tarihin irin da ake kira majhul ya nuna yadda zaren yake da siriri. Lokacin da cutar bayud, wani naman gwari da ke shiga ta saiwa, ta halaka miliyoyin itatuwa a Maroko, Swingle ya ɗauki 'ya'yan gindi 11 daga dausayin Budnib a 1927, aka killace su a jihar Nebada, 9 suka rayu, kuma daga cikinsu ne gonakin majhul na Kalifoniya suka fito, daga can kuma irin ya bazu zuwa ƙasashe da dama.

Game da inda wannan aiki ya faro, shaidar masu haƙar kufai tana nuni ga kewayen Tekun Fasha. A tsibirin Dalma na Abu Dabi an sami ƙwallayen dabino da awon kabon ya kai ɗaya daga cikinsu wajen shekara 5100 kafin Miladiyya, an kuma sami masu kusan wannan shekaru a Sabiya ta Kuwaiti. Ƙwallo a juji yana tabbatar da an ci ne kawai, ba ya tabbatar da an noma, amma zuwa wajen shekara 3000 kafin Miladiyya, a Hili kusa da birnin Al'ain, ragowar dabino ta bayyana da yawa tare da alkama da sha'ir, wanda ake ɗauka alama ce ta lambun dausayi, inda dabino ke sama yana ba da inuwa, ƙananan amfanin gona suna ƙarƙashinsa. A ƙasar Iraƙi ta dā kuwa rubutu ne ya yi magana. Dokokin Sarki Hamurabi na Babila, na wajen 1750 kafin Miladiyya, sun tanadi cewa manomin da aka ba fili ya dasa zai yi shekara huɗu yana reno, a ta biyar a raba daidai tsakaninsa da mai fili, wanda aka ba lambu don ya yi masa barbara kuwa zai ba mai lambu kashi biyu cikin uku na amfanin. Dokar da ta yanke wa barbara lada tana nuna sana'ar ta riga ta tsufa a lokacin. Masanin Girka Tiyofarastus ya kwatanta yadda ake kakkaɓe furen namiji a kan na mace tun ƙarni na huɗu kafin Miladiyya, amma sai a 1694 ne Bajamushe Kamerariyus ya tabbatar wa masanan Turai da gwaji cewa tsirrai suna da jinsi, fiye da shekara 3,000 bayan manoman Babila sun sa abin a yarjejeniyar haya.

Tambayar da ta daɗe tana ba masana wuya ita ce ina kakan dabino na daji, kuma wuyar ta samo asali ne daga abin da aka riga aka bayyana. Duk inda ayari ya yada zango aka ci dabino aka yar da ƙwallo kusa da ruwa, itace zai iya tashi ba mai kula da shi, ya yi cunkus da 'ya'yan gindi, ya haifi ƙananan 'ya'ya, har mai kallo ya rantse ɗan daji ne, alhali ɗan gida ne da ya kuɓuce. A 2017 Muriel Gros-Balthazard da abokan aikinta suka wallafa bincike kan wasu itatuwa a kwazazzaban duwatsun Oman, waɗanda ƙwallayensu ƙanana ne masu zagaye, saɓanin dogon ƙwallon na gida, kuma ƙwayoyin halittarsu suka nuna su reshe ne na daban, ba tsatson na gona ba. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin cewa a gabashin Jazirar Larabawa da kewayen Tekun Fasha aka fara horarwar, ya kuma yi daidai da shaidar kufai.

Labarin Afirka ya zo daga baya, kuma ba kwafin na gabas ba ne. A Masar shaidar noman dabino ba ta yi yawa ba sai daga wajen 1550 kafin Miladiyya, alhali goruba ta daɗe da samun matsayi a can, har ana sa 'ya'yanta a kaburburan manya, ciki har da na Tutankamun. A Fezzan ta kudancin Libiya an sami dabino a mazaunin Garamantawa na Zinkekra a farkon shekaru dubun da suka gabaci Miladiyya, kuma marubucin Girka Herodotus ya ambaci makiyayan da ke zuwa dausayin Aujila ɗiban dabino kowace shekara. Binciken ƙwayoyin halitta ya raba dabinon duniya gida biyu, na gabas da na yamma, sa'an nan a 2019 masana a reshen Jami'ar New York da ke Abu Dabi suka gano cewa kashi 5 zuwa 18 cikin ɗari na gadon dabinon Arewacin Afirka ya fito ne daga wani ɗan'uwansa na daji, Phoenix theophrasti, wanda a yau ake samu a tsibirin Kirit da gaɓar Turkiyya, wanda kuma ɗansa ba abin ci ba ne sosai. Ke nan da dabino ya fito daga gabas bai taho a matsayin gamammen kaya ba, ya gauraya da wani, aka sake zaɓe daga cikin 'ya'yan ƙwallo, aka sami irin su daglat nur da majhul. Wannan batu yana da muhimmanci ga ƙasar Hausa, domin ya nuna kowace ƙasa da ta yi fice a dabino sai da ta yi nata zaɓen a nata yanayin. Abin lura a gefe shi ne Afirka ta kudu da Sahara tana da nata ɗan dangin, wato kajinjiri, Phoenix reclinata, mai tashi a gungu a bakin rafi da kurmi, wanda ake cin ƙananan 'ya'yansa ana saƙa da ganyensa, amma ba a taɓa hore shi ba.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da suka kawo dabino ƙasar Hausa ita ce hanyar gishiri. Tarihin Kano ya ambaci zuwan Abzinawa Gobir da yawaitar gishiri a zamanin Sarki Yakubu, a tsakiyar ƙarni na 15, kuma har ƙarni na 20 ayarin raƙuma yana tashi daga Abzin bayan damina ɗauke da gero, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo da kantu da dabinon Kawar da Jado, sa'an nan ya gangaro Damagaram da Kano. A irin wannan tafiya busasshen dabino guzuri ne kuma haja ce, ƙwallonsa yana tafe kyauta a cikinsa, ɗan gindi kuwa, mai nauyin kilo goma, mai bukatar danshi, kaya ne da madugu ba zai so ɗora wa raƙumi na makonni ba. Inda aka yi wannan wahalar, sunan ya tsaya: dabinon Ingal da ake kira almadina, wanda mutanen garin ke cewa daga Madina aka kawo asalinsa, har yau shi ne abin alfaharin yankin. A kudu kuwa ƙwallo ne ya fi isowa. Matafiyi Heinrich Barth ya ga dogayen itatuwan dabino a cikin birnin Kano a 1851, Dutse ma ta yi suna da su, amma mafi yawan dabinon arewacin Nijeriya na ƙwallo ne, shi ya sa a garka ɗaya ake samun ja da rawaya, mai zaƙi da mai bauri, babu biyu da suka yi daidai, kuma a kasuwa an fi kiransa da sunan garin da ya fito ko da kamanninsa.

Ta ɗaya hanyar kuwa, wato ta malamai, ilimin ya iso dalla-dalla. Ɗalibin da ya zauna a zaure a Tudun Wada ko Unguwar Sarki yana karatun Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, ko ya kai ga Muwaɗɗa ta Imam Malik, zai tarar da hukuncin cewa wanda ya sayar da dabinon da aka riga aka yi wa barbara, amfanin shekarar nasa ne sai in mai saye ya gindaya sharaɗi. Zai karanta cewa ba a sayar da 'ya'yan a kan itace sai alamar nuna ta bayyana, wato sun yi ja ko rawaya, launuka biyun da masana suka gano a 2015 cewa ƙwayar halitta ɗaya ce ke raba su. Zai karanta babin musaƙa, wato ba da lambu ga mai reno a kan wani kaso na amfani, wanda asalinsa yarjejeniyar Khaibar ce a kan rabi. Zai kuma ji hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda mutanen Madina suka bar barbara shekara guda amfanin ya lalace, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar musu da lamarin sana'arsu. Waɗannan hukunce-hukunce an gina su ne a kan lambun Madina, aka rubuta su a Madina da Ƙairawan da Masar, duk ƙasashen da mai karatu ya san hannun da ya hau itace. A ƙasar Hausa an haddace su an yi musu sharhi, amma ɗalibai da yawa sun sauke littafin ba su taɓa ganin furen namiji ba, kuma ba laifin malamai ba ne, tun da littafin fiƙihu yana faɗin wa ke da amfanin ne, ba ya koyar da yadda ake datse ɗan gindi.

Giginya tana ƙara haskaka batun, domin ita ce ta gida a wannan ƙasa, kuma an fi kowa sanin ta. Ita ma tana da namiji da mace, ana cin ɗanta, ana yin azara da gangar jikinta saboda gara ba ta cin ta, magina kuma sun fi son ta namiji don tauri. Har shuka ta ake yi: a tara ƙwallaye a binne a jere a ƙasa mai laushi, bayan watanni a tono tsiron da ya nutsa, a dafa, yara su yi talla, shi ne muruci. Amma wannan shuka ce da ke cinye tsiron tun bai ga rana ba, saboda haka babu wani hali da za ta iya gadar wa na baya. Giginya ba ta fitar da ɗan gindi, tana kuma ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta haihu, don haka ko manomi ya ga mai kyau ba shi da hanyar riƙe kyanta. Goruba ma ba a hore ta ba, duk da tabarma da faifai da igiyar da ake samu daga kabarta. Kwakwar manja, wadda ke tashi a kudancin jihar, ta yi dubban shekaru a hannun mutanen Afirka ta Yamma a matsayin kurmin da ake karewa, kuma sai wajen 1941 aka gane a tashar bincike ta Yangambi da ke Kwango yadda ake gadon kaurin ɓawon ƙwallonta, daga nan irin zamani ya samu. Abin da ya ware dabino daga giginya da kwakwar manja, ke nan, ba zaƙi ba ne kaɗai, tohon gindinsa ne, wanda ya ba manomin dā damar riƙe itace mai kyau ba tare da sanin komai game da gado ba.

Kaduna kanta sabon gari ne, wanda Gwamna Lugga ya zaɓa aka mayar da hedikwatar Arewa can daga Zungeru a 1917, saboda haka ba ta da tsofaffin garake irin na Kano, kuma dabinon da ake gani a harabar wasu gidaje da masallatai a Malali ko Unguwar Rimi galibi ƙwallon buɗe baki ne da ya tsira, ko na ado da aka dasa. Tashinsa ba matsala ba ne, domin itacen yana jure ƙasa iri-iri, matsalar tana wajen nuna. Dabino yana bukatar sanyi kafin ya yi fure, hunturu yana ba shi wannan, sa'an nan yana bukatar wata biyar zuwa bakwai na zafi da bushewar iska har ɗan ya wuce matakin kore, ya yi launi, ya yi laushi, ya bushe. Ruwan sama a matakin launi da laushi yana tsaga fatar ɗan, danshi ya sa shi tsami, ƙwari da ruɓa su biyo baya. Bilma ba ta samun milimita 20 a shekara, Agadas ba ta kai 200 ba, Kaduna kuwa tana haura 1,000, kuma abin da ya fi adadin muni shi ne ruwanta yana sauka tun Afrilu ko farkon Mayu, makonni kafin na Kano, daidai lokacin da furen hunturu yake gab da zama abinci. Don haka mai tsammanin a mayar da bayan Kawo ko Rigachikun dausayin Madina yana yaudarar kansa, kuma irin da ya yi fice a hamada ba shi da tabbacin yin komai a nan.

Duk da haka akwai wani hali na dabinon Sahel da bai kamata a raina ba, wato yana fure sau biyu a shekara, saɓanin na Arewacin Afirka da ƙasar Larabawa mai yi sau ɗaya. Manoman Jigawa sun san na rani da na damina, na ranin ya fi kyau ya kuma fi ajiyuwa, na daminar ana cinsa ɗanye kafin ya lalace. Binciken da Oumarou Zango da abokan aikinsa suka yi a ƙasar Manga ta kudu maso gabashin Nijar ya tabbatar da wannan haihuwa biyu, ya kuma nuna dabinon yankin yana cikin gidan yamma, amma da nasa kamanni na daban. Wannan yana nufin ƙarnonin shukar ƙwallo, waɗanda suka hana a sami tsayayyen iri, sun tara wani abu mai amfani ba da niyya ba: dubban itatuwa mabambanta, kowanne gwaji ne na kansa a ƙarƙashin hunturu da damina, kuma a cikinsu ne za a sami mai nuna da wuri da mai jure danshi, idan akwai su. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, mai hedikwata kusa da Benin, tana da tashar dabino a Dutse inda ake tattara irin waɗannan itatuwa, kuma a nan ne aikin da ya dace da Kano da Zariya da arewacin Kaduna zai fi samun tushe.

A wannan ma'auni, rabon dashen dabino na ƙwallo a cikin leda da akan yi da sunan yaƙi da hamada ko samar da sana'a yana da amfanin inuwa da riƙe ƙasa, amma ba noman dabino ba ne, domin an miƙa wa manomi jiran shekara biyar ko fiye a kan abin da rabinsa namiji ne. Shigo da 'ya'yan gindi daga waje ma yana da nasa haɗari, tun da ta wannan hanya ce jan gunda mai cin zuciyar dabino ya bazu daga kudancin Asiya zuwa ƙasashen Tekun Fasha a tsakiyar shekarun 1980, ya isa Masar a 1992, kuma bayud ma a jikin dashe da ƙasar saiwa take tafiya. Duniya tana noma fiye da tan miliyan 9 a shekara, Masar ce kan gaba, kuma babu dalilin da zai sa manomin Arewa ya yi gasa da su a irin nasu. Abin da ke hannunsa shi ne a bi garake da gidaje a yi wa uwa mai kyau alama, a rubuta ranar da kubenta ya tsage da ranar da ɗanta ya nuna shekaru da dama a jere, a gwada ta da mazan da ke gaggauta nuna, sa'an nan a yaɗa ta da 'ya'yan gindinta. Lokaci yana da tasiri a nan, domin itacen da ya haura shekara 15 zuwa 20 ya kusa daina toho, kuma da yawa daga cikin dogayen dabinon da dattawan Kano da Dutse ke yabon zaƙinsu sun wuce wannan mataki, ta yadda babu hanyar riƙe irinsu sai a ɗakin gwaji, inda ake tsirar da sabon dashe daga ƙanƙanin yanki na furen itace.